Eilif Mai Raba Wasiƙu Ya Ajiye Allura

Ƙanena Eilif Nesvik ya fi shekara talatin yana raba wasiƙu a tsibirinmu, kuma babu gidan da bai san ƙararrawar kekensa ba. Dogo ne, siriri, ga surutu kamar an kunna rediyo. In ya kawo maka wasiƙa ɗaya, sai ya bar maka labari uku. Ni ce yayarsa, Oddrun, na girme shi da shekara bakwai, don haka babu abin da ya same shi da ban gani da idona ba.

An haife shi a watan Fabrairu na 1969, lokacin Babanmu yana can arewa wajen kamun kifi. Yana da sati tara Mama ta lura yaron ba ya ƙoshi. Ya tsotsa, ya tsotsa, ya jiƙa ƙunzugu, ya sake neman nono, amma kullum ramewa yake yi. Wata safiya ta naɗe shi a bargo, ta ajiye ni wajen maƙwabta, ta shiga jirgin fito na farko zuwa birnin Bergen. Sai bayan wata guda ta dawo, da jariri a hannu ɗaya da wani ƙaramin akwatin ƙarfe na kayan allura a ɗayan. Ciwon sukari ne. Likitoci sun ce da wuya su ga wannan ciwo a jikin ɗan mitsitsin jariri haka, amma maganinsa dai ɗaya ne: allurar insulin, kullum, har ƙarshen rayuwa.

Mamanmu Borghild ba mace ba ce mai kuka a gaban mutane. Ta ware wata 'yar tukunya ta dafa sirinjin gilashi, duk wanda ya taɓa ta ya shiga uku. Ta sayi sikeli, tana auna burodi da dankali kamar mai sayar da zinariya. Ni ce mai riƙe ƙafafun Eilif in za a yi allura, ita kuma ta tsira masa tana yi masa waƙa. Sau ɗaya tak na ji ta faɗi abin da ke cikinta. Ina 'yar shekara goma sha biyu, muna wanke-wanke, ta ce, "Ni na jawo masa. Har cikinsa ya kai wata takwas ina tsaye a rumbun gishirin kifi, ƙafafuna cikin ruwan sanyi." Ba ta sake tada maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Haka ya girma da allura huɗu a rana. Yana shekara goma sha bakwai ya kama aikin gidan waya, kuma tsibirin gaba ɗaya ya zama mai jinyarsa ba tare da an yi shawara ba. Kowa ya san alamar: in sukarinsa ya faɗi, surutun ne ke fara ɗaukewa. Matan unguwa suka riƙa ajiye kwalbar lemo kusa da ƙofa. Har karin magana ya zama a wajenmu, in taro ya yi tsit sai wani ya ce, "Eilif ya yi shiru, a kawo lemo." Shi ma dariya yake yi, amma sau biyu ana tsintar sa a gefen hanya, keke a kansa, wasiƙu a warwatse cikin ciyawa.

Bai yi aure da wuri ba. Vigdis, mai yankan tikiti a jirgin fito, ita ta gaji da jiran ya furta, ta tare shi a kan gadar da jirgin ke tsayawa ta ce, "Kai da ka iya magana da kowa, ni ce ba ka da ta cewa?" Sun daɗe ba su haihu ba, don yana tsoron kada ya gadar wa wani abin da ke jikinsa. A ƙarshen 2005 aka haifa musu 'ya mace, suka sa mata suna Tuva.

Mama ce ta fara gani. Ranar wata Lahadi bayan sabuwar shekara, mun taru cin abincin rana a gidansu, ta ɗauki jaririyar za ta canja mata ƙunzugu. Sai na ga ta tsaya tana jinjina ƙunzugun a hannu.

"Vigdis, wannan na nawa ne yau?"

"Na bakwai, ina ji. Ci ne da ita, Mama, ba ta barin nono."

Mama ta juya wajen Eilif. "Ɗauko na'urarka."

Ya ɗauko abin gwajin sukarinsa, ya ɗan soki diddigen 'yarsa. Na'urar ta ƙi ba da lamba ma, sukarin ya wuce abin da take iya ƙirgawa. Ban taɓa ganin ƙanena ya yi kuka don nasa ciwon ba, amma ranar, a cikin jirgin fito, ya kifa kansa a kan gwiwa yana ta shessheƙa.

A asibitin yara aka ɗora Tuva a kan insulin, ta farfaɗo. A kwana na uku wata likita mai suna Ingunn ta shigo ɗaukar tarihin iyali. Matashiya ce, gajera, mai saurin magana. Ina zaune a wajen.

"An ce kai ma kana da shi," ta ce da Eilif tana rubutu. "Kana da shekara nawa aka gano?"

"Sati tara."

"Shekara tara."

"A'a, sati. Sati tara da haihuwata."

Ta ajiye biro. Ta dube shi, ta dubi jaririyar, ta sake dubansa. Na rantse fuskarta ta canja kamar ta yaron da aka miƙa wa kyauta, har ta kama kanta ta gyara zama.

"Ka yi haƙuri," ta ce, "ba murna nake yi da ciwonku ba. Amma ina roƙon ka ba ni jininka, da na Tuva. Ba zan yi maka alkawarin komai ba tukuna."

Ta ce 'yan shekarun nan masu binciken ƙwayoyin gado sun gano cewa jariran da ciwon sukari ya kama kafin su cika wata shida, galibinsu ba irin ciwon da aka saba gani ba ne. Wani abu ne daban, rubutacce a cikin halittarsu, kuma ana iya karanta shi a jini. Eilif ya miƙa hannu ya ce, "Ɗebi. Hannun nan ya saba."

Sati biyar muka jira. Sakamakon kuma a jakarsa ya zo. Yana tantance wasiƙu da safe sai ya ga ambulan mai sunansa da tambarin asibiti. Takardar ba ta ce komai ba illa su zo ranar Litinin, shi da Tuva, da kayan kwana goma sha huɗu. Amma a ƙasa likitar ta ƙara da rubutun hannu: "Labari ne mai daɗi."

Ya bar wasiƙun mutane a kan tebur, ya hau keke, ya zo kantin da nake aiki a guje, ko hular sanyi babu.

"Oddrun! Oddrun, karanta! Karanta nan ƙasa!"

"To tsaya mana in gani, kana ta kaɗa takardar."

"Mai daɗi ta ce! Shekara talatin da bakwai ina zuwa asibiti, wa ya taɓa rubuto mini mai daɗi?"

"Ka gaya wa Vigdis?"

"Tana kan ruwa. Na ɗaga mata takardar daga bakin gada, ta zaci haukacewa na yi."

Ranar Litinin na raka su. Likita Ingunn ta zana mana hoto a bayan wata takarda. Ta ce a cikin ciki akwai ƙananan ɗakunan da ke sarrafa insulin, kuma kowanne yana da wata 'yar ƙofa. In mutum ya ci abinci sukari ya hau, ƙofar takan rufe, rufewar tata ce ke ba da umarni a saki insulin. A jikin Eilif da Tuva, harafi ɗaya ne ya sauya a cikin rubutun ƙwayoyin gadonsu, shi ya sa ƙofar take zaune a buɗe, umarnin ba ya fita.

"Wato insulin ɗin yana nan?" in ji Eilif.

"Muna sa ran yana nan. Ba a taɓa kiransa ba ne."

"Tab! Tun ina yaro Mama ke yi mini faɗan ba na rufe ƙofa. Ashe abin a jini yake."

Likitar ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ciro wani ƙaramin kwali daga aljihu ta ajiye a kan tebur. Ƙwaya ce, tsohuwar ƙwaya ma, irin wadda tsofaffi masu ciwon sukarin girma suka daɗe suna sha. Ta ce aikinta ke nan, rufe wannan ƙofar. In an dace, za su bar allura.

Vigdis ta toshe baki da hannu. Eilif ya ɗauki kwalin yana juya shi.

"Wannan? Ai ni nake kai wa rabin tsofaffin tsibirinmu irinsa daga kantin magani. A jakata yake kwana!"

"Amma ka saurare ni da kyau," in ji likitar. "A jikin jarirai abin ya fi saurin kamawa. Kai ka daɗe. Zai iya ɗaukar lokaci, zai iya kuma ƙi."

Wadda ta ƙi yarda ita ce Mama. Da muka kira ta a waya, muryarta har gado na gaba ana ji.

"Shekara talatin da bakwai na raya yaron nan da allura, yau wata yarinya da aka haifa jiya za ta ce ƙwaya? In ya sume wa zai ɗauke shi? Ita?"

"Mama, a asibiti nake. In ma suman ne, ina ya fi nan?"

"Kada ka yi mini wayo, Eilif."

Likita Ingunn ta karɓi wayar ta ce, "Borghild, ki zo ki gani da idonki. Ni ma ina da tambayoyin da ke kaɗai za ki iya amsa mini." Washegari sai ga Mama, tana da shekara saba'in da ɗaya, da kwat ɗinta na zuwa coci, fuska a ɗaure. Likitar ta zaunar da ita ta yi ta tambayarta yadda abin ya fara, nauyinsa ranar haihuwa, abin da yake ci, yadda ta riƙa raba masa allura. Mama ta ba da amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta manta komai ba. Likitar ta ce, "Da sirinjin gilashi kika yi wannan? A tsibiri, ke kaɗai? Ni da kayan aikin yau ma gumi nake yi." Na ga kafaɗun Mama sun ɗan sauka.

Aka ɗebi jininta, aka ɗebi nawa. Kafin ta tashi sai ta yi tambayar, idonta a kan jakar hannunta.

"Sanyi yana kawo shi? In mai ciki ta daɗe tsaye a ruwan sanyi?"

"A'a," in ji likitar. "Ko kusa. Harafin nan ya sauya ne tun kafin ki san kina da ciki. Yawanci ma iyayen ba su da shi, a kan yaron yake farawa. Ba abin da kika ci ba ne, ba aikin da kika yi ba ne. Da a kan gadon sarauniya kika kwanta wata tara, haka zai zo."

Mama ta tashi ta je bakin taga ta juya mana baya. Da ta juyo sai ta ce, "To. Ina ake samun kofi a gidan nan?" Daga baya sakamako ya fito, babu komai a jininta, babu a nawa.

Sai kuma abin ya koma kan Eilif. Ya dubi 'yarsa a gado ya ce, "Ita kam ni na ba ta." Vigdis ta harare shi. "Ita kuma ta tona maka asiri. Ba don ita ba, da har ka tsufa kana tsire cinya. Ka yi mata godiya ka rufe mana baki."

Tuva kwana huɗu kacal ta yi. Ana niƙa mata ɗan ɓarin ƙwaya a ruwa a ɗiga mata a baki, ana rage insulin kaɗan-kaɗan. Ranar Juma'a aka cire na ƙarshe, sukarinta ya tsaya cak inda ake so. Ma'aikatan jinya suka riƙa leƙowa daga wasu ɗakuna suna kallon takardarta. Wata dattijuwa a cikinsu, wadda ta ce ta yi shekara talatin a ɗakin yara, sai share hawaye take yi da bayan hannu. Eilif ya bi baranda yana gaya wa duk wanda ya gamu da shi, har mai gugar ƙasa da wani bawan Allah da ya zo duba matarsa.

Nasa kuwa ya ƙi sauri. Sati biyu suka cika, rabin insulin kawai aka iya ragewa. Aka sallame shi ya ci gaba a gida, likitar tana kiransa duk bayan kwana biyu tana ƙara masa ƙwaya. Ya koma aiki jiki a sanyaye. "Jaririya ta riga ni," yake ce mini. "Ko zama ba ta iya ba, ta riga ni."

A tsakiyar Afrilu abin ya juya. Ya fara samun faɗuwar sukari da rana, kwana uku a jere, alhali bai canja komai ba. Ya kira likitar cikin damuwa, sai ya ji ta buga tebur.

"Eilif, ka san abin da wannan ke nufi? Allurar ce ta yi maka yawa. Jikinka ya fara yin nasa! Rage, rage yau ɗin nan!"

Daga nan kullum sai an rage. Ranar biyu ga Mayu, 2006, ya yi allurarsa ta ƙarshe. Washegari ya karya kumallo, burodi biyu da cuku da kofi, ya haɗiye ƙwayoyinsa, ya zauna da na'ura a hannu yana gwadawa duk bayan rabin awa. Mu huɗu muka kewaye shi a kicin, ni da Vigdis da Mama da Tuva a cinya. Lambar ta hau kaɗan, ta tsaya, sannan ta fara sauka da kanta.

"Tana sauka!" ya yi ihu. "Ku duba, tana sauka, ban taɓa ta ba! Ni ne nake yi! Mama, ni ne!"

Ya sungumi Mama ya ɗaga ta sama, tana dukan kafaɗarsa tana cewa, "Sauke ni, mahaukaci, za ka karya ni!" Ranar wasiƙun tsibirin ba su isa gidaje ba sai yamma, don a kowace ƙofa sai ya tsaya ya ba da labari daga farko. Babu wanda ya yi ƙorafi. Wasu ma kek suka aiko.

Ba wai ciwon ya tafi ba ne. Har yau yana shan ƙwaya sau uku a rana, yana gwaji, yana lura da abin da yake ci. Amma sukarinsa ya daidaita fiye da duk yadda ya taɓa yi da allura, suman hanya kuma ya zama tarihi. Ya yi wata shida hannunsa na zuwa aljihu da kansa neman allura duk lokacin da aka ajiye abinci.

Mutum irin Eilif ba zai riƙe abu irin wannan shi kaɗai ba. Ya rubuta labarinsa a mujallar ƙungiyar masu ciwon sukari, ya sa lambar wayarsa a ƙasa, waya kuwa ta yi ta ruri. A nan ne ya yi karo da iyakar abin. Akwai wani makanikin jirgin ruwa a tsibirinmu wanda ciwon ya kama yana ɗan shekara goma sha huɗu. Eilif ya cika shi da zumuɗi har ya je ya matsa aka yi masa gwaji. Ba irin nasu ba ne. Mutumin ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Abin ya dami ƙanena ƙwarai, ya je har gareji ya ba shi haƙuri. Tun daga nan, duk wanda ya kira, tambayar farko ita ce, "Kana da wata nawa aka gano?" In an wuce watannin farko na haihuwa, sai ya faɗi gaskiya a hankali, ya ce a tambayi likita amma kada a ɗora rai.

Cikin duk waɗanda suka kira, mutum ɗaya ce ta dace. Magnhild, mai tuƙa motar da ke zagayawa da littattafan aro a can ƙuryar arewa, 'yar shekara hamsin da biyu, wadda aka gano nata tana wata huɗu. Ya haɗa ta da Likita Ingunn. Ita ba ta rabu da allura gaba ɗaya ba, amma daga biyar a rana ta koma ɗaya. Da bazara ta yi tafiyar kwana biyu ta zo ta ga mutumin da ya rubuta labarin, da busasshen naman barewar ƙanƙara a jaka. A bakin gada suka rungume juna kamar 'yan uwan da aka raba tun yarinta, alhali ba su taɓa haɗuwa ba.

Mama ta rasu a 2014, bayan ta ga jikarta ta shiga aji uku. Eilif ya bar gidan waya da aka haɗe aikin da na kanti, yanzu shi ke kula da makabarta da harabar coci. Tuva tana birnin Trondheim tana karatun injinan jirgin ruwa, kuma ba ta tuna ranar da aka taɓa yi mata allurar insulin.

Kirsimetin da ya wuce ta zo da saurayinta, wani mai kunya ɗan Trondheim. Muna cin haƙarƙarin tunkiya sai ta ce ta je ta ga mai ba da shawara kan cututtukan gado, an ce mata duk ɗan da ta haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsallake. Eilif ya ajiye cokali, fuskarsa ta canja.

"Baba, daina wannan kallon," ta ce. "Za a gwada shi tun ranar da ya faɗo. In yana da shi, an san sunan abin, an san maganinsa. Ni me ya same ni?"

Saurayin ya yi gyaran murya ya ce shi a danginsu sanƙo ne ake gado, kuma har yau ba a samo masa ƙwaya ba. Vigdis ta ƙware da dariya, sai da aka ba ta ruwa. An sa bikinsu watan Yuni mai zuwa, a cocin tsibiri, kuma Magnhild ta riga ta aiko cewa a ajiye mata kujera.